Kafin ka saida rago ka sayo wa yaro katin hoto

Akwai wata magana da ke yawo yanzu tsakanin matasanmu da masu shagunan kwamfuta, daga Maraɗi har Damagaram, kuma kuɗin iyaye take ci. Wai yaro ba zai iya koyon montaji ba, wato yanka bidiyo da haɗa shi da tace shi, sai an saya masa babban katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart girafik, ko kuma a jefar da tsohuwar kwamfutar gida gaba ɗaya a sayo sabuwa. Ni malamin makaranta ne, ba ni da shago, ba ni da ko kati ɗaya na sayarwa. Amma da yake a unguwa duk abin da ya shige wa uba duhu wurin mushe yake kawo shi, ko takardar asibiti ce ko saƙon banki, wannan magana ta iso ƙofata har na gaji da amsa ta ɗaya bayan ɗaya. Ga amsata a rubuce: mafi yawan abin da ake gaya muku ƙarya ce, sauran kuma gaskiya ce da aka yanke mata rabi.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa harkar bidiyo shiririta ce. Ba na cikinsu. Babu bikin aure ko na suna da ake yi yau a birni ba tare da wani ya ɗauki hoto ya haɗa shi ba, kuma biyansa ake yi. Masu wa'azi suna neman wanda zai yanka musu karatu, ƴan kasuwa suna neman talla, ƙungiyoyi suna neman mai haɗa musu rahoto. Ga kuma abin da ya fi damuna a matsayina na malami: tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar. To, ina darussan lissafi da na kimiyya da Hausa waɗanda yaron ƙauye zai kalla a wayar yayansa? Wa zai yi su in ba mu da ɗalibanmu ba? Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa ya rasu a 2015, ya fitar da fim ɗin zane mai motsi, Bon voyage Sim, tun 1966, da zanen hannu. Oumarou Ganda shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Yaron da ya ce yana son wannan sana'a yana da magabata. A taimake shi. Abin da na ƙi shi ne a yi amfani da sha'awarsa a wawure ubansa.

Sai mu fara da tambayar da mai shago ba ya son a yi masa: shin mene ne aikin katin nan a cikin montaji?

A cikin akwatin kwamfuta akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Akwai ram, wurin da ake shimfiɗa aikin da ake cikin yi. Akwai faifai inda ake ajiye bidiyon. Katin hoto shi ne na huɗu, kuma aikinsa a montaji ya fi fitowa a wurare ƙididdigaggu: gyaran launi, ƙawace-ƙawacen da ake ɗora wa hoto, rage girgizar hannu, da kuma, in katin yana da sashen da ke yin haka, warware bidiyo da sake matse shi lokacin fitarwa. Amma yanka da jerawa, ɗora rubutu, daidaita murya, cire wurin da liman ya yi tari, wanda shi ne kusan duk abin da mai koyo zai yi a shekararsa ta farko, wannan nauyin yana kan furosesa da ram da faifai. In faifan yana jan ƙafa, ko ram ta cika, ka sa katin da ya fi kowane tsada a duniya, hoton zai ci gaba da sarƙewa. Sirdin doki ne a bayan jakin da ke jin yunwa.

Kuma akwai abin da ake ɓoye muku. Tun 2011 kamfanin Intel ya fara sa wani sashe a cikin yawancin furosesoshinsa mai suna Quick Sync, wanda aikinsa ke nan warwarewa da matse bidiyo irin na H.264, wato irin wanda mafi yawan wayoyinmu ke ɗauka. Tsofaffin akwatunan ofis da suka cika kasuwanninmu, Dell OptiPlex 7010 ko 9020, HP Compaq 8300, HP EliteDesk 800 na farko, masu ɗauke da Core i5 ko i7 na 2012 zuwa 2014, suna da wannan sashen a cikinsu tun daga masana'anta. Kun riga kun biya kuɗinsa. Yaro zai iya shekara yana aiki da shi ba tare da an ƙara ko kusa ɗaya ba.

Daga nan sai mai shago ya fito da makaminsa na biyu, ya ce ai yanzu zamanin 4K ne. Mu yi lissafi irin na aji. Hoton 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kimanin miliyan 2. Hoton 4K yana da 3840 da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Ninki huɗu na nauyi a kan furosesa, ga cin wuri a faifai, ga cin kuɗin intanet in za a tura. To ina bidiyon zai ƙare? A WhatsApp, wanda ke matse shi ya rage masa girma kafin ya isa wayar gwaggo, ko da an zaɓi tura shi da inganci. Uwar amarya ba ta taɓa maido da bidiyon biki don ɗigonsa bai kai miliyan 8 ba. Tana maido shi ne in muryar ba ta fita, ko in an yanke wurin da ƙanwarta ta shigo.

Saboda haka in uba ya tara wani abu, a ce jika 100, ya ce zai kashe wa tsohuwar kwamfuta, ni ga yadda zan ce masa ya bi da kuɗin, kuma kati ba shi ne farko ba. Farko a buɗe akwatin a busa ƙurar da hunturu ya tara a ciki, a canza man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, domin ya bushe tun shekaru. Furosesar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan kaɗai yana iya mayar da lafiyayyen inji kamar gurgu. Sai a cire tsohon faifai mai juyawa daga matsayin babba, a sa SSD. Mai juyawa yana karanta mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa in ya samu hanya miƙaƙƙiya, SSD kuwa wajen 500, kuma wurin tsalle daga wannan guntun bidiyo zuwa wancan, wanda shi ne montaji, tazarar ta fi haka nesa. Tsohon faifan a bar shi a ciki ya zama rumbu. Sai a kai ram giga 16. Waɗannan injuna DDR3 suke ci, wadda ta tsufa ta yi araha, kuma da yawansu suna da gurbi huɗu. Duk wanda ya yi waɗannan ukun zai rantse an canza masa kwamfuta.

Akwai na huɗu wanda ba ya cin ko dala. Manhajojin montaji suna da dabarar da suke kira furoksi: manhaja ta yi ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane bidiyo, yaro ya yi yankansa da shi cikin sauƙi, in ya gama sai ta koma kan na asali ta fitar da cikakken inganci. Kdenlive tana yi, Shotcut tana yi, kuma duka biyun kyauta ne, halal, ba sai an saci lasin kowa ba. Manyan masu shirya finafinai da injunansu na miliyoyi da wannan dabarar suke aiki. Ban taɓa jin mai shago ya ambace ta ba, kuma ba sai na faɗi dalili ba.

Yanzu a zo ga katin kansa, domin ban ce ba shi da rana ba. Yana da ita. In yaro ya wuce matakin koyo, yana karɓar aiki ana jiransa, fitar da bidiyon awa ɗaya yana cinye masa rabin yini, kati mai sashen matsewa zai rage masa jira sosai. In yana son DaVinci Resolve, manhajar da ake samun ta kyauta kuma ƙwararru ke gyaran launi da ita, ita kam a kan kati take tsaye, tana neman ram giga 16 da kati mai ƙwaƙwalwar kansa, giga 4 a sababbin fitowarta. In kuma ana kawo masa bidiyon iPhone, wanda tun 2017 ke ɗauka da tsarin HEVC, furosesoshin kafin 2015 ba su da cikakken sashen warware shi, sai su yi ta nishi. A nan kati zai yi amfani. Amma wane kati?

Wanda akwatin zai iya ɗauka, ba wanda ya fi kyau a hoto ba. Gurbin da ake soka kati a ciki, PCI Express, iyakar wutar da yake bayarwa wat 75 ce. Duk katin da ya fi haka ci sai an jawo masa wata waya dabam mai baki 6 ko 8 daga akwatin wuta. Tsofaffin injunan ofis ba su da wannan wayar, kuma akwatin wutarsu ƙarami ne, yawanci tsakanin wat 240 da 320, domin an ƙera su ne don rubuta wasiƙa da lissafin albashi. Kati irin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 yake ci, kuma masu yin sa suna cewa a haɗa shi da akwatin wuta na wat 550. Za a ce muku ai sai a canza akwatin wutar. A yawancin injunan HP na wancan zamani, da Dell daga 9020 zuwa gaba, bakin wayar na kamfanin ne shi kaɗai, na kasuwa ba ya shiga sai da dabara. Za a ce muku ai akwai ƴar wayar da ke ɗebo wuta daga layin faifai ta kai wa kati. Akwai ta. Layin faifai ba a yi shi don wannan nauyin ba, yana yin zafi har roba ta narke, kuma a ɗakin da yaranku ke kwana za a jona shi. Duk mai gyaran da ya kawo muku wannan shawarar, ku ɗauki akwatinku ku fita.

Sai tsawo da kauri. Da yawa daga injunan nan siraran akwati ne, katin da ya cika tsayi ba ya shiga, sai gajere wanda ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa. A wasu ma gurbin yana manne da akwatin wuta, ta yadda katin mai kaurin gurbi biyu ba shi da wurin zama. Wannan da ma'auni ake gane shi, irin rular da ke jakar ɗan CM2. Na ga akwati an bar shi a buɗe, murfi a jingine da bango, kati ya leƙo waje kamar harshen kare, wai don ya ƙi shiga. A garin da ƙura ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe.

Katunan da suka dace ba su da yawa, kuma sunayensu ba su da ban tsoro. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne giga 4, wat 75, kuma akwai gajerunsu waɗanda ba sa neman ƙarin waya. RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a 2024, wat 70 yake ci, shi ma akwai gajere, sai dai kada a rikita shi da mai giga 8 wanda ke neman waya. Akwai kuma katunan ofisoshin zane, Quadro P620 da P1000, gajeru, masu ƙarancin cin wuta, kuma suna da sashen matse bidiyo. A nan zancen ya tsaya ga mai tsohon akwatin ofis. Abin da ya wuce wannan, furosesar 2013 ba za ta iya ciyar da shi ba, rabin ƙarfinsa zai zauna yana hamma.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wurin giga. An koya wa yaranmu cewa yawan giga shi ne ƙarfin kati, kuma da wannan ake yanka iyaye. Giga faɗin tire ne kawai, ba ya gaya maka ko akwai tuwo a kai. Ana sayar da GT 730 da babban rubutu a kwali, giga 4, alhali injin da ke cikinsa tsoho ne rarrauna wanda ba zai taɓa cika wannan tiren da aiki ba. GT 710 kuma a ayyuka da yawa bai fi sashen hoton da ke cikin furosesar ba, kuma Nvidia ta daina yi wa zuriyarsa sababbin manhajojin tuƙi tun 2021. Mafi muni, a wasu injuna da zarar an soka kati sai sashen hoton furosesa ya kashe kansa, Quick Sync ta tafi tare da shi. Wato uba ya biya kuɗi don a rage wa kwamfutar ɗansa ƙarfi.

GT 1030 ya fi su, amma ba shi da sashen matse bidiyo ko kaɗan, kuma iri biyu ne da suna ɗaya: mai ƙwaƙwalwar GDDR5 da wanda aka fitar daga baya mai DDR4, wanda ya fi shi rauni nesa. Kwalin ba ya ihu da wannan bambanci. Radeon RX 6400 na 2022 gajere ne, sabo, ba ya neman waya, ga shi kamar an yi shi don mu, amma shi ma an cire masa sashen matsewa, kuma a tsohon gurbi yana ƙara rasa gudu. Don wasa yana da amfani. Don montaji kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Sai jabu tsantsa. Shekaru ke nan ana ɗaukar GTS 450, katin 2010, a sauya masa rubutun ciki ta yadda in an kunna kwamfuta sai ya ce shi GTX 1050 Ti ne, a sa masa sabuwar fanka da sabon kwali. Na gaskiyar yana da ƙananan injuna 768 a ciki, jabun 192. Ga alamar da ko wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba zai gane: GTX 1050 Ti na gaskiya an ƙera shi ba tare da hanyar tsohon siginar nan ba, don haka in kun ga shuɗin bakin VGA mai ramuka 15 a bayansa, ku yi shakka nan take. Akwai kuma ƴar manhaja ta kyauta, GPU-Z, wadda ke nuna ainihin injin da ke cikin kati, har tana rubuta wa irin waɗannan jabun alama a gaban sunansu. A sa ta a kile a tafi da ita kasuwa.

Ga kuma gajiyayyu. A watan Satumba na 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wurin haƙo shi, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu suka malalo kasuwannin duniya, aka wanke su aka sa su a leda. RX 580 ya yi yawa a cikinsu. Yana da giga 8 a rubuce, yana da araha, yaro zai gan shi ya rikice. Wat 185 yake ci, ba zai zauna a akwatin ofis ba tun farko, kuma babu mai iya gaya maka sauran kwanansa nawa. Kayan da ke iso mana sun bi hannu da yawa, daga tashar jirgin ruwa zuwa Legas ko Kano, su biyo ta Katsina da Jibiya su shigo, kuma a kowane hannu labarin kayan yana ƙara kyau. Ban ce duk ƴan kasuwa macuta ba ne. Da yawansu su ma yadda aka gaya musu suke faɗa. Amma sayen kati a leda ba a gwada ba cinikin biri a sama ne. A ɗauki akwatin a kai shagon, a soka katin a gaban mai shi, a buɗe GPU-Z, a fitar da bidiyon minti 10 a ga ko zai kai ƙarshe ba tare da allon ya yi baƙi ba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya ba ku amsa. Kuma in an dawo gida, wayar allo a bayan katin ake soka ta, ba a tsohon wurinta ba. In allon tsoho ne mai VGA kaɗai, sai an haɗa da ƴar na'urar juya sigina, a sa ta cikin lissafi tun a shago.

Duk wannan ma ban taɓo wuta ba, kuma masu ba yaranmu shawara a YouTube daga Faransa da Amurka ba su san ta ba. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke, sai a 2024 aka maido. Ko a kwanakin lafiya, kuran yana tafiya yana dawowa, wani lokaci ya dawo da ƙarfin da ke kashe kaya. Tsohon akwati da katin wat 75 ba ya cika wuce wat 200 ko yana tsakiyar aiki, ƙaramar ondilar ta 650 VA, wadda ke ɗaukar wajen wat 360, za ta riƙe shi har yaro ya adana aikinsa ya kashe. Babban inji da babban kati sai babbar ondilar, in hasken rana ne sai ƙarin faranti da ƙarin batir. Wannan kuɗin ba ya cikin farashin da aka faɗa wa uba a shago. A ganina duk wanda bai sayi ondilar ba bai isa sayen kati ba tukuna, domin ɗaukewar kuran guda a tsakiyar fitar da bidiyo tana iya tafiya da aikin mako.

Na san abin da masu ilimin abin za su ce da ni, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zuriya ta 8, don haka injunan da nake karewa an riga an rufe musu ƙofa. Gaskiya ne. Za su ƙara da cewa Nvidia ma ta fara janye hannu daga zuriyar GTX 1050 Ti, gyaran tsaro kaɗai ya rage mata. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa in farashin ya yi kusa nake cewa a ɗauki GTX 1650. Amma rufe ƙofar Microsoft ba mutuwar inji ba ce. Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya lafiya a kan waɗannan akwatuna, kyauta, ana sabunta su, Kdenlive da Shotcut a can suka fi sakewa. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: Windows nawa ne cikin waɗanda ke gidajenmu da makarantunmu aka saya da lasi, har ake kukan an daina sabunta su? Yaron da ya koyi sa wa kwamfuta Linux da hannunsa ya koyi sana'a ta biyu a kan hanyar ta farko.

Wasu kuma za su ce duk wannan wahala ce, waya da CapCut sun isa. Don guntun minti ɗaya sun isa, kuma ina ganin abin mamaki da yara ke yi da su. Amma a gwada haɗa bikin awa biyu da aka ɗauka da waya uku, a daidaita muryoyinsu, a kan allon da bai fi tafin hannu ba. Kuma wayar da ke montaji ita ce wayar da saƙo ke shigowa a kai kowane minti. Akwatin da ke kan tebur a falo, inda uwa ke wucewa tana ganin abin da ke allon, ya fi mini kwanciyar hankali ga ɗan shekara 15 fiye da wayar da ke shiga bargo tare da shi.

Akwai iyaka, kuma zan faɗe ta don kada a ce na ce kowane gwangwani a zuba masa kuɗi. In akwatin Pentium 4 ne ko Core 2 Duo, mai DDR2, a bar shi ya koya wa ƙanana buga rubutu, kada a saya masa kati ko na dala ɗaya. Kuɗin ya fi amfani a sayo tsohon akwatin ofis mai Core i5, in da hali na zuriya ta 6 ko sama, wanda ya riga ya iya HEVC da kansa.

Maganata ta ƙarshe da ƴan uwana malamai da daraktoci ce, domin mu ma muna da hannu. Makarantu nawa ne ke da akwatunan da wata ƙungiya ta kawo, aka yi biki aka ɗauki hoto, aka kulle su a mangaza tare da karyayyun tebura? In ka tambaya a ce sun mutu. Wa ya gwada su? Sau da yawa ƴar batir ɗin da ke riƙe agogo ce ta ƙare, irin ta CR2032 da ake samu wurin mai gyaran agogo, ko ram ta motsa daga gurbinta, ko faifai ya gaji. Darakta yana tsoron a buɗe a ce shi ya lalata kayan gwamnati, sai ya zaɓi su ruɓe a kulle, takardarsa tana nan daidai, an rubuta kwamfuta 10, ga kwamfuta 10. A lokaci guda ɗalibin makarantar yana gida yana matsa wa ubansa ya saida ragon layya.

Ina roƙon kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara su sa wannan a ajandar zamansu na gaba. A buɗe mangaza a gaban shaidu, a rubuta lambar kowane akwati da furosesar da ke cikinsa, a ware masu Core i5 da i7. A zaɓi guda biyu, a sa musu SSD da ram giga 16, a haɗa su da ondilar. Ɗaya daga ciki kaɗai za a saya wa kati, gajere, na wat 75, wanda aka gwada a shago. Malami ɗaya ya riƙe makulli, a ba yara yammacin Laraba da safiyar Asabar, kuma aikinsu na farko ya zama darasin kasafi na minti biyar da Hausa, wanda za a tura wa iyayen ƴan CM1 kafin jarrabawar zango.